Jirgin ruwan da ya zagaye duniya ba tare da ɗigon mai ba

Duk ma'aikaciyar jinyar da ta taɓa aikin dare a asibitin da ya dogara da sola ta san wata irin fargaba. Wajen ƙarfe uku na dare, ido ɗaya na kan majinyacin da ke shaƙar iskar oksijin, ɗayan na kan allon batir. Rana ta faɗi tun magariba, abin da ta bari shi ne jarinmu har gari ya waye. Sau da yawa nakan kashe fanka da fitilun baranda domin na'urar majinyaci ta kai asuba. Shi ya sa da na karanta labarin mutanen da suka ratsa tekunan duniya da hasken rana kaɗai, abin da ya fara zo mini shi ne: da dare fa, yaya suke yi?

Sunan jirgin Tûranor PlanetSolar. Wanda ya kawo tunaninsa, Raphaël Domjan, ɗan ƙasar Suwizalan ne, ƙasar da ko gaɓar teku ba ta da ita, kuma ya taɓa aikin motar ɗaukar marasa lafiya. An ƙera jirgin a birnin Kiel na Jamus. Tsawonsa mita 31, an shimfiɗe samansa da farantan sola da faɗinsu ya haura murabba'in mita 500. Ya tashi daga Monako ranar 27 ga Satumba, 2010, ya ƙetare Tekun Atlantika, ya bi mashigin Panama, ya ratsa Tekun Fasifik da na Indiya, ya shiga Bahar Maliya, ya fito ta mashigin Suwez. Ranar 4 ga Mayu, 2012 ya koma inda ya taso, bayan kwana 584 da tafiyar kusan kilomita 60,000.

Amsar tambayata tana can cikin jirgin: batura masu nauyin tan takwas da rabi. Da rana farantan suna juya injin, suna kuma cika batir. Da dare a ci abin da aka tara. Sai dai batir komai girmansa yana ƙarewa, don haka matuƙan suka rungumi tattali. Sun bi ta kusa da tsakiyar duniya inda rana ta fi ƙarfi. Kullum suna duba hasashen yanayi, suna kauce wa hadari ko da hanya za ta ƙara tsawo. Kuma ba sa gaggawa: gudunsu bai cika wuce kilomita tara a awa ɗaya ba, mai keke ma zai bar su a baya. Dalili kuwa, in jirgin ruwa ya ninka gudunsa sau biyu, wutar da zai ci takan ninka kusan sau takwas. Wannan tafiyar hawainiya ta zame musu abin damuwa a mashigin Aden, inda 'yan fashin teku ke kai hari a wancan lokaci, har sai da suka ɗauki masu gadi da makamai.

To, me ya hana manyan jiragen da ke ɗauko mana shinkafa da magunguna komawa sola? Kusan kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya ta ruwa suke bi, kuma jiragen ruwa ke fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Buƙatar na nan, lissafin ne bai kai ba. A tsakar rana farantan PlanetSolar ba sa ba da kilowat 100 cif, alhali injin babban jirgin kwantena yana haura kilowat 50,000.

Wasu sun nemi wata hanyar ajiya. Jirgin Faransa mai suna Energy Observer, wanda ya fara tafiya a 2017, yana tace ruwan teku, ya yi amfani da rarar wutar sola ya ciro iskar haidurojin daga ruwan, ya adana ta a tankuna. In batir ya yi ƙasa, sai a mayar da ita lantarki. Ya koma tashar Saint-Malo a 2024 bayan shekara bakwai yana yawo.

Inda lantarki ya riga ya zauna da gindinsa shi ne gajeren zango. A Norway, jirgin fito mai suna Ampere yana ɗaukar motoci 120 tun 2015, yana cajin batir duk sanda ya tsaya a gaɓa. A jihar Kerala ta Indiya, Aditya yana ƙetarar da fasinjoji 75 da hasken rana tun 2017.

Uwargida, in kina da sola a gida, darasin matuƙan nan naki ne. Ki yi guga da jan ruwa da tsakar rana, ki bar wa batir abin da ba makawa sai an kunna da dare. Haka muke yi a ɗakin majinyata, kuma majinyacina na wancan dare ya wayi gari na'urarsa tana aiki.