Ƙofa Ɗaya, Mutum Dubu: Jan Kunne ga Masu Zuwa Kallon Mawaƙa

Da zarar an gama yankan gero, an kai damma rumbu, kuɗi sun ɗan zauna a aljihu, sai lokacin wasanni ya kama a ƙasar Sosebaki. Daga Waca zuwa Dungas da Magarya za ka ji ana shela ran kasuwa cewa mawaƙi wane yana tafe daga Kano ko Damagaram. Haka bayan ƙaramar Salla da babba. Samari su yi aski, 'yan mata su sha lalle, 'yan kabu-kabu su yi ta jigila daga ƙauyuka har dare.

Kowane mawaƙi da mahaukacinsa, kuma duk mun san su. Ga ɗan kabu-kabun da ya manna hoton Hamisu Breaker a tankin babur, ko taɓawa ba ya bari a yi. Ga telan da ya haddace waƙoƙin Nura M. Inuwa, yana taka keke yana rerawa har ya manta da wuyan riga. Ga dattijon da ya rantse tun da Shata ya rasu a 1999 ba a sake yin mawaƙi ba, amma ran wasa shi ne a sahun gaba, wai ya zo ganin lalacewar zamani. Akwai ma wanda zai sayar da ɗan akuyarsa, ya canjo kuɗin zuwa ƙananan takardu, don dai a ambaci sunansa a lasifika sau ɗaya. Irin waɗannan su ne gishirin taro, ban ga laifinsu ba. Damuwata ita ce wurin da ake tara su a yau.

A da, kiɗan kalangu da kalankuwa a dandali ake yi, fili fetal babu katanga. Jama'a su yi da'ira, makaɗa a tsakiya, Sarkin Samari da yaransa suna zagayawa da tsumagiya suna mayar da mutane baya, musamman a zamanin Samariya na Shugaba Seyni Kountché. In faɗa ya kaure, kowa ya watse ta inda fuskarsa ta kalla. Yanzu kuwa kuɗin shiga ake karɓa, karɓar kuɗi sai da katanga, katangar kuma ƙofa ɗaya ake bar mata don kada wani ya sulale bai biya ba. Kiɗa ya sauya, amma rawarmu ba ta sauya ba: yadda muke tururuwa a dandali haka muke yi a cikin shinge.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗanɗana illar irin wannan cunkoso. A ƙarshen watan Yulin 2014, cikin shagalin ƙaramar Salla, fiye da mutum 30 suka mutu a bakin teku a Konakiri wajen wasan mawaƙan zamani, da yawansu yara ne, a lokacin da jama'a ke kokawar fita. A Kinshasa, ran 29 ga Oktoban 2022, mutum 11 suka rasu a wasan Fally Ipupa, biyu daga ciki 'yan sanda ne, bayan da aka cika filin da ke ɗaukar mutum 80,000 fiye da ƙima. Kafin shekarar ta fita, mutum 2 suka mutu a Landan sakamakon turereniya a ƙofar zauren da Asake na Najeriya ke wasa. Ƙasashen da ke taƙama da tsari ma ba su tsira ba: mutum 9 a bikin kiɗan Roskilde na Danmak a 2000, mutum 10 a Houston ta Amurka a 2021, ƙaraminsu ɗan shekara 9. Mu ma a nan gida ba mu manta da Diffa ba, inda kimanin mutum 20, galibi mata da yara, suka rasu a Fabrairun 2020, ko da yake wannan wajen rabon tallafi ne.

Yawancin mutane sun ɗauka tattakewa ce ke kisa. Sau da yawa ba ita ba ce. Mutum yana tsaye a kan ƙafafunsa yake mutuwa. Idan aka cusa mutum shida ko bakwai a wurin da bai wuce mita ɗaya tsawo da faɗi ba, babu mai iya sarrafa jikinsa. Turin da aka yi daga can baya yana ratsowa har gaba, ƙirji ya matse, mutum ya fitar da numfashi ya kasa mayarwa. Cikin 'yan mintuna sai suma, daga nan sai abin da Allah Ya yi. Na baya bai san abin da ke faruwa ba, shi dai yana son ya ga fuskar gwaninsa, ko ya ɗaga waya ya ɗauki hoto. Na gaba kuma ba shi da iskar da zai yi ihu da ita. Babu mugu a cikinsu, so ne kawai ya yi yawa a ƙaramin wuri.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka shiga, fara duba ta ina za ka fita kafin ka duba ina mawaƙi yake. Da ka ji ana taɓa ka ta kowane ɓangare, ba ka iya ɗaga hannu ka share gumi, lokacin ja da baya ya yi, ko da waƙar da ka fi so ake yi. In kuwa ka riga ka maƙale, ka dunƙule hannuwanka a gaban ƙirji kamar ɗan dambe, kada ka yi jayayya da turi, ka bi shi kana zamewa gefe kaɗan-kaɗan, kana nisantar katanga da bakin ƙofa. Takalmi ya cire, bar shi. Waya ta faɗi, bar ta. Kuɗin liƙi da suka zuba ƙasa su ne babban tarko, domin yaron da ya sunkuya tsinta, a kansa na baya za su faɗo. Wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take. Mai goyo da mai ciki ba su da abin yi a sahun gaba, kuma don Allah a daina tura ƙanana su kaɗai da dare.

Masu shirya wasa su ne da babban nauyi. Sayar da tikiti fiye da abin da wuri zai ɗauka cin amana ne. A buɗe ƙofa da wuri, a ware ta shiga da ta fita, kada a garƙame ta da kwaɗo bayan an fara, a tanadi fitila ko da janareto zai mutu. Magajin gari da jandarmomi su je su ga wurin da idonsu kafin a ba da izini. Shi ma mawaƙi, da yake shi ke sama yana hango kowa, in ya ga ana yi masa alama ya tsayar da kiɗa. Magana ɗaya daga bakinsa ta fi bulala goma.

Wanda aka ciro daga cunkoso a sume, kada a yi masa rumfa ana ɗura masa ruwa a baki. A ba shi iska, a sassauta masa tufafi, in yana numfashi a kwantar da shi a gefensa, a nemi abin hawa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita a daren, domin raunin ƙirji da na ciki kan ɓuya sai daga baya, kuma daga Waca zuwa asibitin Magarya ko babban asibitin Damagaram ba tafiyar minti biyar ba ce.