Kuɗin Ƙofa da Kujerar Gaba: Me Ya Hana Wasan Tikiti Zama da Gindinsa a Dutse?

Ranar 31 ga Agusta, 2024, mutane a Birtaniya suka wuni gaban kwamfuta da wayoyi suna bin layin intanet don sayen tikitin Oasis, ƙungiyar kiɗan rok ta 'yan'uwa biyu daga Manchester, Liam da Noel Gallagher, waɗanda suka ɓata a 2009 suka sake haɗuwa don zagayen manyan filayen wasa a 2025. Wanda layi ya kai kansa da wuri ya sami tikitin tsayuwa a kan kusan fam 150. Wanda ya makara ya tarar tikitin nan dai, na wurin tsayuwar nan dai, ya koma fam 355. A canjin lokacin kuɗin ya haura naira 700,000, wato albashin wata goma na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a Najeriya a 2024. Ƙorafi ya yi yawa har hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta buɗe bincike a kan kamfanin Ticketmaster.

Mutumin Kiyawa ko Jahun a Jigawa da ya ji wannan labari zai ce abin nasu ne can. Amma duk wanda ke lura da takardun tallan wasan Sallah da ake mannawa a garuruwanmu, ko ake yaɗawa a WhatsApp da TikTok, ya san tsarin tikiti mai farashi hawa-hawa ya fara lallaɓowa. Da, farashi ɗaya ake rubutawa a ƙasan hoton mawaƙi. Yanzu sau da yawa uku ne: na gama-gari, na manyan baƙi da ake rubuta wa VIP, sai na tebur. Abin dubawa shi ne me ya kawo shi, me ya sa har yau bai yi ƙarfi a Dutse da kewayenta ba, kuma me yake canzawa tsakanin mawaƙi da mai sauraro.

A tsarin da muka gada, mai sauraro ba ya sayen waƙa. Ubangida ne ke riƙe da mawaƙi. Sarki ko attajiri ko mai biki ya kira makaɗi, ya ba shi riga da doki ko mota, sauran jama'a su sha kiɗa a arha. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Haruna Uji na Haɗeja, duk a wannan duniyar suka yi tashe. Abin da ya rage kuma liƙi ke cike shi, ko ajo idan mawaƙi na da wata buƙata ta musamman. Wurin zama ma ba a ciniki a kansa. Je ka kalli hawan Sallah a Garu, a fadar Sarkin Dutse: babu mai riƙe da takarda mai lamba, amma kowa ya san inda zai tsaya. Hakimai da manyan baƙi na da rumfarsu, dattawa na da gefensu, yara na kan katanga da bishiya. Matsayi ne ke raba wuri, da shekaru, da sanayya. Wanda ya zauna inda bai kai ba, ido kaɗai ya isa ya tashe shi.

Kuɗin ƙofa kuwa ba baƙo ba ne. Gidan dambe na karɓa, filin ƙwallo na karɓa, gidajen sinima na Kano irin su Plaza da Marhaba sun karɓa shekara da shekaru, haka gidajen gala. Sai dai abin da kuɗin ƙofa ke saya maka shiga ce kawai. Da ka wuce 'yan ƙofa, sauran ya rage ga ƙarfinka da sammakonka. Tikitin da ake sayarwa a manyan filayen Turai wani abu ne daban. Kafin ka biya, ana nuna maka taswirar filin, ka ga inda dandamali yake, ka zaɓi ɓangare da layi da lambar kujera, har a faɗa maka idan akwai ginshiƙin da zai tare maka gani. Mai shirya wasan ya san adadin mutanen da filin ke ɗauka, kuma idan tikiti ya ƙare ya ƙare. Alkawari ne aka rubuta: wuri kaza naka ne, ko ka zo da la'asar ko bayan isha. Mu farashi hawa uku muka aro, alkawarin da ƙidayar muka bari a can, kuma a ganina nan ne matsalar take.

Dalilin da ya sa mawaƙa ke neman kuɗin mai kallo a fili yake. Kasuwar kaset da faifai da ta cika Ƙofar Wambai a Kano ta mutu. Waƙa yau a shagon cajin waya ake tura ta da 'yan canji, ko aboki ya tura wa aboki kyauta. YouTube da Audiomack na kawo wani abu ga 'yan kaɗan da suka yi fice, amma tallan da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya biyan abin da na Amurka ke biya. Haka abin ya faru a duniya ma, faifai ya daina ciyar da mai shi sai aka koma dandamali. Zagayen Taylor Swift da ya ƙare a Disamba 2024 ya tara sama da dala biliyan 2 a wasanni 149. Burna Boy ya cika filin London Stadium mai ɗaukar mutum 60,000 a Yunin 2023. Matashin da ke Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, yana ganin duk wannan a wayarsa, yana ganin yadda ake sayar da tebur da miliyoyi a wasannin Disamba na Legas. In shi ne zai shirya wasan ƙarshen zango, ba zai rubuta farashi ɗaya ba.

Liƙi ma ya shiga tsaka mai wuya. Dokar Babban Banki ta 2007 ta haramta shi tun tuni, amma sai a 'yan shekarun nan hukumar EFCC ta fara kama mutane da gaske. A 2025 wata babbar kotun tarayya a Kano ta yanke wa mawaƙi Hamisu Breaker hukunci, da zaɓin biyan tara, a kan liƙin da ya yi a wani taro a Haɗeja. Tun kafin nan, ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya koya wa har mai shayi karɓar tiransifa. Idan sabbin kuɗi sun yi wuya, watsa su kuma na iya kai mutum gaban alƙali, dole kuɗin ya nemi wata hanya, kuma hanya mafi kusa ita ce a biya tun a ƙofa.

To me ya sa duk da haka ba a ga wani mawaƙi ya kama filin wasan Dutse ya cika shi da masu tikiti ba? Amsar da kowa zai fara bayarwa ita ce babu. Rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa Jigawa a kashi 87 cikin ɗari, Sakkwato da Taraba kaɗai ke gabanta, sannan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara tsadar komai, har da man janareton da zai kunna lasifika. Gaskiya ne, amma bai gama bayani ba. Matasan nan suna sayen data, suna biyan kuɗin gidan kallon ƙwallo duk mako, suna haɗa kuɗin anko.

Abin da ya fi nauyi shi ne mai tikiti yana gasa da kyauta. Manyan mawaƙan Hausa, in sun zo Dutse, galibi wani ne ya ɗauki nauyinsu: gangamin siyasa a Dandalin Malam Aminu Kano, bikin gidan wani babba, ko wani taron gwamnati. Dauda Kahutu Rarara ya nuna wa kowa irin arzikin da ke cikin waƙar siyasa. Mawaƙin da ɗan takara zai biya a dunƙule, ya ba shi mota, me zai kai shi jiran ɗari biyar-biyar na ɗalibai da ba shi da tabbacin za su zo? Mai kallon da ya saba ganin gwaninsa kyauta, wani lokaci ma har a ba shi kuɗin mota da hula, da wuya ka shawo kansa ya biya gobe. Sarki ya ja baya a harkar riƙon mawaƙi, amma ɗan siyasa ya hau gurbinsa.

Sai batun wuri. Filayen wasa na jihohinmu don ƙwallo da fareti aka yi su, yawancin mazauninsu dakalin siminti ne marar lamba. Ƙungiyar Jigawa Golden Stars kanta ta taɓa buga wasanninta na gida a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Abin da ya rage shi ne zaurukan taro da na otal da na biki, inda kujerun roba na haya ne, ana iya ƙara su ko a ja su gaba yadda aka ga dama. Ga kuma Kano, tafiyar kamar awa biyu ta Wudil. Mai halin sayen tebur daga Birnin Kudu ko Gwaram zai fi son ya je can, inda wasan ya fi girma kuma babu idon 'yan unguwa. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A jihar da ke bin shari'a tun farkon shekarun 2000, inda Hisbah da malamai da iyaye ke sa ido kan cakuɗuwar maza da mata da dare, mai shirya wasa bai san ko za a tsayar da shi ana saura kwana ɗaya ba. Shi ya sa mutane ba sa biya tun da wuri. Sai sun ga motar mawaƙi ta iso, sun ji an gwada lasifika, sannan a yi dafifi a ƙofa. Ba laifinsu ba ne. Kowa ya taɓa jin labarin wasan da aka buga hoton tauraro a takarda, aka aiko yaronsa.

Wannan ɗabi'a ta biya-a-ƙofa ita ke haifar da mafi munin sakamako. Tunda ba a sayar da komai kafin ranar ba, mai shirya wasa bai san mutum nawa zai karɓa ba, ba shi da kuɗin kafin alƙalami da zai ɗauki isassun masu tsaro, kuma duk wanda ya miƙo kuɗi sai an tura shi ciki, don a lokacin ne ake fafutukar fitar da uwar kuɗi. Zauren mutum ɗari biyar sai ya ɗauki abin da ya fi haka nesa, ƙofa ɗaya ce a buɗe, sauran an datse don kada a shiga ta bayan gida. A Landan, inda ake da ƙidaya da dokoki, turmutsutsu a ƙofar wasan mawaƙi Asake a Brixton ranar 15 ga Disamba, 2022 ya yi sanadin rasuwar mutum biyu. Mu da ba mu ƙirga ba, tsarin Allah kaɗai muke ci.

Tebur kuwa, in aka duba da kyau, tsohon ubangida ne ya dawo da sabuwar riga. Wanda ya saye shi ba kallo kaɗai ya saya ba, ya sayi a gan shi ne, a kira sunansa, mawaƙi ya sauko ya yi masa kirari. Sau da yawa tebura biyar ko shida na gaba su ke biyan kuɗin wasan gaba ɗaya, don haka mawaƙi su yake fuskanta. Na gama-gari, waɗanda su ne suka haddace waƙoƙin, suna can baya a tsaye suna ɗaga waya. Bambancinsa da na da shi ne yanzu ba a tambayar ɗan wane ne. Yaron da ya samu a kasuwar waya zai iya zama gaban ɗan hakimi. Wasu na ganin wannan ci gaba ne, wasu na ganin zubewar girma. Ni abin da ya fi damuna shi ne ko wanda ya biya na VIP ɗin ba shi da tabbas. Wani babba na shigowa da tawagarsa za a zo a raɗa masa, “Ranka ya daɗe, ɗan matsa baya kaɗan,” kuma ba shi da lambar da zai nuna ya ce nan ne wurina.

Mata ne suka fi asara. Su ne babbar kasuwar waƙoƙin soyayya da na biki irin na Ado Gwanja da Ali Jita da Umar M. Shareef, amma macen da ke Dutse ba za ta shiga turereniyar ƙofa ba, mijinta ko babanta ma ba zai bari ba. Kujera mai lamba, da ɓangaren mata da iyali mai ƙofarsa daban, da wasan da zai fara da la'asar ya tashi kafin dare ya yi nisa, za su amsa rabin ƙorafin malamai, su kuma kawo masu biyan da yanzu ke zaune a gida. Wannan tsari ba ya buƙatar wata manhaja mai tsada. Alli da takardar rasit da lambar asusu sun isa zauren mutum ɗari uku, muddin mai shirya wasan zai iya cewa “ya ƙare” alhali ga mutum a gabansa da kuɗi a hannu.

Akwai riba ga mawaƙin ma, ko da ba ta kusa ba ce. Wanda mutum dubu suka biya ƙanana-ƙanana don su ji shi ba ya tsoron ranar da ubangidansa zai faɗi zaɓe ko ya sauya sheƙa. Mawaƙanmu sun ɗanɗana wannan a wasannin Sallah da suke zuwa yi a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Kumasi, inda jama'a ke biya a ƙofa su cika wuri don kewar waƙar Hausa ta Najeriya. A gida kuwa lissafin bai karkata can ba tukuna. Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma daga nan zuwa lokacin, duk mawaƙin da ke da suna zai sami mai ɗaukar nauyinsa zuwa Dutse da Jahun da Miga ba tare da an karɓi ko sisi a hannun mai kallo ba.