Kakar Wasa ta 1991 a Jami'ar Prairie View: Dalilan Durƙushewar Ƙungiyar Ƙwallo

1.0 Gabatarwa

A duk lokacin da ƙungiyar wasa ta wata makaranta ta yi ta shan kaye, abin da aka saba gani shi ne a ɗora laifi a kan 'yan wasa ko mai horar da su. Amma Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Wannan babi zai yi bayani a kan kakar wasa ta shekarar 1991 ta ƙungiyar ƙwallon Jami'ar Prairie View A&M da ke ƙasar Amurka, wadda ta buga wasa 11 ba ta ci ko ɗaya ba. Manufa ita ce a nuna cewa mummunan sakamako yakan samo asali ne tun kafin a shiga fili.

2.0 Yadda Wasan Yake

Ƙwallon da ake magana a kai a nan ita ce wadda ake kira ƙwallon ƙafar Amurka, kuma ta sha bamban da wadda aka sani a ƙasar Hausa. Ƙwallon tana da siffar ƙwai, kuma yawanci da hannu ake ɗaukarta a ruga, ko a jefa wa abokin wasa. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa 11 a fili, tsakanin layin gida da layin gida kuwa akwai yadi 100. Wanda ya ƙetare layin abokan hamayya da ƙwallo ya sami maki 6, wanda kuma ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin sanduna ya sami maki 3. Wasa ne na karo da kokawa, saboda haka jin rauni ya yi yawa a cikinsa. Haka kuma masu kai hari daban suke, masu tsaron gida daban. Wannan ya sa ƙungiya take buƙatar 'yan wasa masu yawa, ƙarfafa, kuma horarru.

3.0 Tarihin Jami'ar

An kafa wannan makaranta a shekarar 1876 a Jihar Texas, arewa maso yamma da birnin Houston, domin ilmantar da baƙaƙen fata bayan an haramta bauta. Filin da aka gina ta a kai tsohon gandun bayi ne. A shekarar 1879 aka mayar da ita makarantar horar da malamai, kafin daga baya ta bunƙasa ta zama jami'a. Ƙungiyar ƙwallonta ta yi tashe ƙwarai a ƙarƙashin mai horarwa Billy Nicks, inda ta zama zakarar jami'o'in baƙaƙen fata a shekarun 1953 da 1954 da 1958 da 1963 da kuma 1964. Ke nan wannan ƙungiya ba baƙuwar nasara ba ce.

4.0 Abin da Ya Faru a Kakar 1991

A wannan kaka, ƙarƙashin mai horarwa Ronald Beard, ƙungiyar ta tara maki 48 kacal a wasanni 11, alhali abokan karawarta sun tara maki 617 a kanta. Idan aka raba, ana cin ta kimanin maki 56 a kowane wasa, ita kuwa abin da take samu bai kai maki 5 ba. Wasan da ya fi muni shi ne wanda Jami'ar Jihar Alabama ta doke ta da maki 92 da nema. Wannan kaka wani yanki ne na jerin kaye 80 a jere, wanda ya faro a ƙarshen kakar 1989, bai yanke ba sai a 1998. Kafin wannan, jerin da ya fi tsawo a matakin da take wasa shi ne na Jami'ar Columbia, wadda ta sha kaye sau 44 daga 1983 zuwa 1988.

5.0 Dalilan Durƙushewa

Dalili na farko na tarihi ne. A zamanin wariyar launin fata, manyan jami'o'in kudancin Amurka ba sa karɓar baƙaƙen fata, don haka haziƙan 'yan wasansu sukan tafi makarantu irin su Prairie View. Da aka kawar da wariyar a shekarun 1960, sai jami'o'i masu kuɗi suka rinƙa kwashe waɗannan matasa. Abin da ya zama ci gaba ga al'umma sai ya bar ƙananan makarantun cikin ƙarancin gwanaye.

Dalili na biyu shi ne matsalar gudanarwa. Ƙarancin kuɗi da zargin almundahana a sashen wasanni sun sa hukumar jami'ar ta dakatar da ƙwallon baki ɗaya a shekarar 1990. Shekara guda ba tare da wasa ba ta isa ta tarwatsa ƙungiya, domin gogaggun 'yan wasa sukan watse, sababbi kuma ba sa zuwa.

Dalili na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne rashin tallafin karatu. A Amurka jami'a takan ɗauke wa ɗan wasa kuɗin makaranta da na masauki domin ya buga mata. Da aka dawo da wasan a 1991, Prairie View ba ta ba kowa wannan tallafi ba, alhali doka ta yarje wa takwarorinta su ba da sama da guda 60. Saboda haka ɗaliban da suka sa mata riga 'yan sa kai ne, masu biya wa kansu kuɗin karatu, suna karawa da zaɓaɓɓun 'yan wasa.

6.0 Farfaɗowa

Sauyi ya fara ne bayan da aka soma ba da tallafin karatu, ko da yake kaɗan ne. A ranar 26 ga Satumba, 1998, ƙarƙashin mai horarwa Greg Johnson, ƙungiyar ta doke Jami'ar Langston da maki 14 da 12. Duk da haka sai a 2007 ta sami kakar da nasarorinta suka fi kayenta yawa. A 2009 kuma Henry Frazier III ya jagorance ta ta lashe gasar rukuninta, karo na farko tun 1964. Wannan ya nuna cewa abin da aka rusa cikin shekara guda, gina shi yakan ɗauki shekaru masu yawa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa alƙaluman 1991 ba ma'aunin himmar ɗaliban ba ne, ma'aunin tanadin da aka yi musu ne. Wannan darasi ya shafi malamin makaranta kai tsaye, domin shi ne zai riƙa rubuta sakamakon ɗalibai, wani lokaci ma a ɗora masa kula da wasanni. Kafin ya yanke wa aji hukuncin daƙiƙanci, wajibi ne ya binciki ko suna da littattafai, ko sun sami malami a zangon da ya wuce, da kuma irin waɗanda ake gwada su da su. Malamin da ya tsaya ga maki kaɗai yana iya karya zuciyar ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari, ya kuma bar ainihin cutar ba magani.