Ofishin Tsara Birane Ba Wurin Ajiye Ɗan Gida Ba Ne

Da zarar an ji ƙishin-ƙishin gwamnatin jiha za ta ɗauki ma'aikata, sai takardu su fara yawo gidajen manya. Shawarar da ake ba iyaye kuwa guda ce: "Ku roƙi a jefa shi ɓangaren filaye ko tsara birane, can ne ke da maiƙo." Ba a tambayar abin da yaron ya karanta. Ko tarihi ne, ko ilimin siyasa, ko ma da ƙyar ya haɗa takardar sakandare, amsar ita ce wai aikin gwamnati duk ɗaya ne, in ya shiga zai koya. Wallahi wannan magana ta ishe ni.

Aikin ofishin a taƙaice shi ne ya faɗi inda hanya za ta bi, inda ruwa zai wuce, da inda za a yi gida, kasuwa, makaranta ko maƙabarta, tun kafin a aza bulo. A Kano hukumar KNUPDA ce, a Kaduna KASUPDA. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha amana a hannun gwamna, kuma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta tabbatar da cewa tsara gari hurumin jiha ne. Ke nan ba Abuja za mu ɗora wa ba. Waɗanda jiha ta zaunar a kan kujerun nan, su ne.

Mutane sun ɗauka aikin nan gwangwanin jan fenti ne kawai da katafila: a zo a yi wa bango alama, a karɓi na goro, ko a rushe. To jan fenti shi ne mataki na ƙarshe, kuma sau da yawa shaida ce cewa an makara. Ainihin aikin yana kan takarda, shekaru kafin gini. Gari kamar yadi ne a hannun tela, yanka ɗaya ake yi masa. In almakashi ya karkace, rigar haka za a yi ta sawa har jikoki.

Je ka bakin gari, wajen Ungogo ko Kumbotso, ka ga yadda unguwa ke haihuwar kanta. Magada sun sayar da gona. Dillali ya zo da igiya da turaku ya yanka ta ƙafa hamsin-hamsin, kuma duk taƙin da ya bar wa hanya asara ce a lissafinsa, don haka sai ya matse ta iya matsewa. Bayan shekara goma, ga lungu wanda adaidaita sahu biyu ba sa iya giftawa. Motar kashe gobara sai ta tsaya a titi. In an yi rasuwa, sai an karkata makara kafin a sha kwana. Kududdufin da ke shanye ruwan damina an cike shi da shara an yanka fuloti uku a kai, ruwan kuma bai san an sayar ba, yana nan tafe ta tsakar gidan wani. Wannan shi ne awon igiya. Wanda zai hango wannan tun gonar tana da gero a ciki, ya karanta taswirar tudu da kwari, ya ƙiyasta mutum nawa za su zauna a nan da ajin firamare nawa za su nema, shi kuke cewa zai koya in ya shiga? A kan gidan wa zai koya?

Ilimi ne mai zaman kansa. Ana karanta shi shekara biyar a jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma akwai majalisar TOPREC da aka kafa a 1988, wadda sai ta yi wa mutum rajista zai amsa sunan ƙwararren mai tsara gari. Shi ma ba shi kaɗai yake aiki ba. Sai da safiyo mai kafa iyaka, da injiniyan da ya san faɗin lambatun da zai ɗauki ruwan watan Agusta, da injiniyan gini da zai duba ko ginshiƙan da ke takarda za su riƙe bene hawa uku, da lauyan da zai tsaya a kotu ranar da mai kuɗi ya kai ƙara, da matasan da suka iya taswirar kwamfuta da hoton tauraron ɗan'adam. Dokar tsara birane ta 1992 ma da irin waɗannan sana'o'i ta lissafa waɗanda za su zauna a hukumomin. Duk kujerar da aka ba wa ɗan alfarma, ɗaya daga cikin waɗannan aka kora.

Ga shi kuma dama ba su da yawa. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2016 ya nuna masu tsara gari a Najeriya ba su kai biyu ga kowane mutum 100,000 ba, alhali a Birtaniya sun kusa 38. Ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano sun ɗauki mutum kusan miliyan 2.8 a ƙidayar 2006, kuma kowa ya ga yadda garin ya bazu tun daga lokacin. Kano ta taɓa samun babban tsari na shekara ashirin, wanda Trevallion ya rubuta don 1963 zuwa 1983. Kaduna ta samu na Max Lock a 1967. Takarda ba ta taɓa yi mana wuya ba, masu bin ta ƙafa da ƙafa ne ke ƙaranci. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari da ke Kano ya lalata dukiya mai yawa, 'yan kasuwa suna nuna gine-ginen da aka ɗora kan hanyar ruwa. Kafin watan ya ƙare, benen da ake ginawa a titin Beirut ya rufto kan mutane. Ba ni ne alƙalin wanda ya yi laifi ba. Amma irin waɗannan abubuwa biyu su ne aka kafa ofishin don ya tare.

Za a ce ai ofishin na fama da ƙarancin albashi, da rashin motar zagaye, da wayar da ke zuwa daga sama. Duk gaskiya ne.

To me za a yi? Ranka ya daɗe mai ba da takardar alfarma, kafin ka sa hannu ka tambayi abin da yaron ya karanta. In bai dace ba, ma'aikatu suna da yawa. Hukumar ɗaukar ma'aikata ta buga guraben a fili, kowane gurbi da sana'arsa, a yi jarrabawa, kuma a zaunar da ƙwararre mai rajista cikin masu tantancewa. A bar ɗaukar mutum ɗari a tashi ɗaya sannan a rufe ƙofa shekara goma, domin ma'aikaci yana ajiye aiki ne in ya cika shekara 35 yana yi ko 60 da haihuwa, kuma in sa'o'in juna ne, tare za su fita da duk abin da ke kansu. A riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan kowace shekara, sabo ya bi tsoho zagaye. A kai ma'aikata ofisoshin shiyya na bakin gari, inda ake yanka gonaki, maimakon a cunkushe su a hedikwata suna jiran fayil. Mai duba gini kuma a riƙa sauya masa unguwa, kada ya daɗe har ya zama abokin cin tuwon dillalai.

'Yan majalisar jiha, in shugaban hukumar tsara birane ya zo kare kasafin kuɗi, ku tambaye shi masu rajista nawa ne a ofishinsa, nawa za su yi ritaya cikin shekara biyar, nawa ne mata. Tambayar mata ba ado ba ce: mai duba gini namiji sau da yawa a zaure yake tsayawa, bai ga inda aka haƙa shadda kusa da rijiya ba.

Ɗalibai kuma ku daina raina wannan fanni don an ce ba likita ba ne. Kai kuma malam mai shirin sayen fuloti, in wani ya zo da katin aiki a wuya ya ce zai "gyara" maka takarda a gefe, ka ce ku je ofis tare, a nuna maka filin a kan taswirar unguwar, ka biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ka karɓi rasit da izinin gini a rubuce kafin ka sauke tifar yashi ta farko.