Harshen Murya a Bidiyon Littattafan Koyar da Ilimin Kwamfuta

Littafin karatu na intanet ya bambanta da na takarda ta wannan fuska: ɗalibi yana rubuta umarni a cikin shafin, nan take ya ga abin da na'ura ta yi da shi. Irin waɗannan littattafai, kamar na shirin Runestone da aka soma a Amurka don koyar da harshen Python, suna haɗa rubutu da aikin gwaji da gajerun bidiyoyi. Binciken da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bisa kallo miliyan 6.9 a dandalin edX, ya nuna cewa matsakaicin lokacin kallo bai wuce minti 6 ba, kome tsawon bidiyon. Wannan batun tsawo ke nan. Abin da ya fi shafar masu tsara karatu a wurare irin su Bawdeta, cikin gundumar Tasawa, da maƙwabtanta na Mayahi, shi ne harshen da muryar bidiyon take magana da shi.

Koyarwa da hoto mai motsi ba baƙon abu ba ne a Nijar. A 1964, da taimakon Faransa, an soma talabijin ta makaranta a Yamai. Zangon gwajinta ya ƙunshi azuzuwa 22 da yara wajen 800, waɗanda masu kula da aji, ba cikakkun malamai ba, suke tsaye kansu. Darussan duka da Faransanci aka yi su, har shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970. Makarantun gwaji da ke fara karatu da harshen gida kuwa, a Damagaram aka buɗe ta farkonsu a 1973. Hoto ya bi hanyarsa, Hausa ta bi tata.

Ɗalibin Bawdeta da ya buɗe littafin kwamfuta yana tsakanin harsuna uku: kalmomin umarni na Ingilishi ne, bayanin littafi na Faransanci, tunaninsa kuma da Hausa yake yinsa. Kalmomin umarni ba su taɓuwa, amma muryar bidiyo ana iya ɗaukarta da Hausa ba tare da an sake hoton ba. Hausa kuwa tana da kayan aikin. Sharaɗin if da else shi ne "in" da "in ba haka ba", while kuma "muddin", wadda kowane yaro ya san tana nufin aiki zai ci gaba har sharaɗin ya gushe.

Wurin tuntuɓe shi ne alamar =. A layin x = x + 1, mai karantawa da ya ce "x daidai yake da x a tara da 1" ya faɗi abin da ba ya yiwuwa a lissafi, ya kuma dasa kuskuren da ke wuyar tumɓukewa. Abin da na'ura take yi shi ne ta ƙara 1 a kan abin da ke cikin x, ta mai da sakamakon cikinsa. "X ya zama" ya fi dacewa, a bar "daidai yake da" ga alamar ==. A nan bidiyo ya fi rubutu, domin ido yana ganin adadin yana sakewa a lokacin da kunne yake jin "ya zama".

Sai dai murya tana da sharaɗinta. Kalmar da aka rubuta ana gyara ta cikin minti guda. Wadda aka furta sai an sake ɗauka. Saboda haka wajibi ne a tsai da kalmomin fannu kafin a kunna na'urar ɗaukar magana, ba bayan an raba bidiyo ɗari a katunan waya ba. Karin harshe bai kai wannan nauyi ba: mai magana yana iya cewa "hwara" kamar mutanen Maraɗi, rubutun ƙasan hoto ya bi ƙa'idar 1999 ya sa "fara". Python 3 ma tana karɓar ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a sunayen da ɗalibi ya ƙirƙira, don haka yana iya kiran ma'ajiyar adadinsa "ƙidaya" yadda ake rubuta ta.