A rage tuwo, a ƙara miya: jan hankali ga mai son yanke wa sitaci don rage ƙiba

Kwanan nan da wuya ka zauna a majalisa ko gidan biki ba ka ga wani ya ture farantin shinkafa yana cewa shi ya daina cin sitaci ba. Wata ta ce kito take yi, wani ya ce an hana shi tuwo, in ka bi diddigi sai ka tarar ba likitan da ya gani, bidiyo ne ya kalla a waya. Niyyar dai mai kyau ce, don teɓar da muke yi wa kirari da alamar hutu tana kan gaba wajen jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Inda gizo ke saƙar shi ne yawancin masu farawa da ka suke shiga. Su yanke komai dare ɗaya, su sha baƙar wuya mako biyu, daga nan su koma wa tuwon da fushi, har ƙibar ta fi ta da.

Tsarin rage sitaci ba sabo ba ne. A 1863 wani mai sana'ar shirya jana'iza a Landan, William Banting, ya buga ɗan littafi kan yadda ya sauke ƙibarsa da barin burodi da sukari da dankali. A 1921 Dokta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya fito da tsarin kito mai tsananin rage sitaci, kuma don masu farfaɗiya ya yi shi, ba don masu neman kayansu su daina matse su ba. Sai Dokta Robert Atkins ya mayar da shi abin yayi da littafinsa na 1972. Duk waɗannan a ƙasashen da nama da ƙwai da cuku suke a wadace aka tsara su. Wanda zai ɗauko su ya kawo gidan da buhun masara ne jarin shekara, dole ya yi musu gyara.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Duk abinci mai sitaci, tuwo ne ko waina ko doya ko gurasa, da zarar ya narke sukari yake komawa ya shiga jini. Sai jiki ya saki insulin don ya tura sukarin cikin tsoka da hanta, abin da ya yi rara kuma a adana shi a matsayin kitse. In aka rage sitaci, sukarin jini ba ya yawan tashi, insulin ya lafa, jiki ya ƙara dogara da kitse wajen samun ƙarfi. Mutane da yawa kuma yunwarsu kan ragu, saboda wake da ƙwai da kifi da ganye sun fi farar shinkafa riƙe ciki. A ma'aunin likitoci, wanda ke cin ƙasa da giram 130 na sitaci da sukari a yini yana kan tsarin ragewa. Kito shi ne mai tsananin, giram 20 zuwa 50 kacal. Don a gane tsananin, kofin shayi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kimanin giram 45. Wato mai kito ya cinye rabonsa na yini da abin da bai kai rabin farantin da ake zuba wa baƙo ba.

Yanzu dubi yinin mutum a gidajenmu. Da safe koko da sukari, ko shayi da burodi. Da rana shinkafa ko taliya, a kora da lemon kwalba. La'asar fura. Da dare malmala biyu ta tuwo da 'yar miya a gefe. Kakanninmu sun ci kusan irin wannan ba su yi teɓa ba, amma su wuni suke a gona, matansu na daka da surfe da ɗebo ruwa. Mu mun riƙe girman malmalar, mun bar fartanyar, mun ƙara da sukarin da su ba su san shi ba.

Abu na farko da ke yaudarar sabon shiga shi ne makon farko. Mutum ya hau sikeli ya ga kilo biyu sun tafi, murna ta kama shi. Mafi yawan wannan ruwa ne. Jiki na ajiye sukari kusan rabin kilo a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kimanin giram uku. Da an daina cin sitaci ajiyar ta zube, ruwan ya fita ta fitsari. Ranar da aka ci tuwo sai ya dawo, mutum ya zaci ya ɓata wahalarsa, ya karaya. Kitse na gaskiya a hankali yake tafiya, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma wannan ɗin shi ake so. Saurin rama fiye da haka kan cinye tsoka, yana kuma iya kawo tsakuwar matsarmama.

Masu tallan tsarin ba su cika faɗar wani abu ba. A jami'ar Stanford an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, aka bi su shekara guda, aka buga sakamakon a 2018. Masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗan ɗoriya, bambancin da bai taka kara ya karya ba. Abin da aka umarci duka ɓangarorin shi ne su bar sukari da farar fulawa, su yawaita ganye. A ganina nan maganar take. Ba wani sihiri a ƙaurace wa tuwo. Tsarin na aiki ne matuƙar ya sa mutum ya rage yawan abin da yake ci gaba ɗaya ba tare da yunwa ta galabaitar da shi ba, kuma matuƙar zai iya riƙe shi shekara da shekaru.

Saboda haka mai farawa ya fara da abin da yake sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya wuce kimanin giram 50 a yini ga baligi, wato ƙaramin cokali 12, in so samu ne rabin haka. Gorar lemo ɗaya mai rabin lita ta kai wannan adadin ita kaɗai. Haka lemon malti da ake ba maras lafiya da sunan ƙarin jini, haka zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na sayarwa. Tsaya teburin mai shayi ka kalli yadda ake haɗa kofi ɗaya: madarar gwangwani, garin koko mai zaƙi, sukari cokali uku ko huɗu, a jujjuya daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa, sannan a miƙo da rabin burodi, wani ma da indomi a gefe. Wanda ya mayar da wannan zuwa shayi ba sukari da ƙwai biyu, ya koma shan ruwa da zoɓon da aka dafa a gida ba zaƙi, ya yi rabin aikin kafin ya taɓa tuwo.

Bayan mako biyu sai a zo kan kwano. Mu a al'ada tuwo ne abinci, miya mahaɗi. Abin da ake nema shi ne a juya lissafin. Malmala ɗaya da ba ta wuce dunƙulen hannun mai ci ba, miya kuwa cike da kwano, a sha ta da cokali in ta kama. Allah ya hore mana abin yin haka cikin sauƙi: kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, karkashi, yakuwa, alayyafo, miyar taushe. Kwaɗon zogale ko na rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir abinci ne cikakke ga mai wannan tafiya, kuma ya fi duk wani haɗin salak na otal araha. Ga kabeji da latas da kokwamba da yalo. Ba kuma sai an ci nama kullum ba, wanda ma aljihu ba zai ɗauka ba. Awara, ƙwai, busasshen kifi, kindirmo ba sukari, gyaɗa da riɗi duk suna cike gurbin. Wake yana da sitaci, amma yana tare da furotin da ɓawon da ke rage saurin narkewarsa, don haka alala ko faten wake da ganye sun fi farar shinkafa nesa ba kusa ba. Uwargida ba ta buƙatar ɗora tukunya biyu, illa ta ƙara ganye a miyar kowa ta rage wa mai bukata tuwo.

Akwai tarkuna da mutane ke faɗawa da zuciya ɗaya. An yarda cewa tuwon alkama da acca ba su da sukari, har ana dafa wa masu ciwon sukari su ci su ƙoshi. Sitaci ne kamar sauran hatsi, malmala biyu ta alkama malmala biyu ce. Zuma ma sukari ce, duk da albarkarta. Dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, uku a buɗa-baki ba laifi, amma a ajiye leda guda ana tsinta ana hira wani abu ne daban. Ɗanwake sunansa kawai ke ruɗi, garin rogo ko fulawa ne suka fi yawa a cikinsa. Ta ɗaya gefen kuma akwai masu jin an ce maiƙo ya halatta sai su sake jiki. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori kusan 120 ne. Wanda ya bar tuwo ya koma wa kitsen balangu da soyayyar awara tana ninƙaya a mai ba lalle ya rame ba, wasu ma kitsen jininsu mai toshe jijiya hawa yake yi.

Kwanakin farko, musamman ga wanda ya yanke da yawa, akan yi ciwon kai, kasala, jiri in an miƙe tsaye, ɗaurewar jijiyar ƙafa da dare, taurin bayan gida, da wani irin warin baki. Yawanci cikin mako ɗaya ko biyu yake wucewa, yawan shan ruwa da cin ganye na sauƙaƙa shi. A zafin bazara irin namu, mai aikin ƙarfi ko ɗan acaɓa da ke wuni a rana ya kula ƙwarai, don ga fitsari ga gumi. Za a ji masu koyar da kito na ƙasashen waje suna cewa a ƙara gishiri. Kada mai hawan jini ya ɗauki wannan. Miyarmu da ma ta sha gishiri da dunƙule, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙasa da giram 5 ne a yini, ƙaramin cokali guda.

Sai maganar da ta fi kowacce nauyi. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko yake shan ƙwaya irin su glibenclamide, kada ya rage sitaci sai da sanin likitansa. An auna maganin ne da abincin da ya saba ci. In abincin ya ragu maganin bai ragu ba, sukari na iya faɗuwa ƙasa warwas: rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, ruɗewa, daga nan suma. In haka ta faru kuma mutum na iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan take, sannan a tafi asibiti. Masu shan sababbin ƙwayoyin da ke fitar da sukari ta fitsari, irin su empagliflozin da dapagliflozin, kito na iya jefa su cikin wani mummunan tsamin jini ko da awon sukarinsu bai nuna tashi ba. Mai shan maganin hawan jini ma ya riƙa aunawa, don jinin kan sauka in nauyi ya ragu, wataƙila a rage masa magani. Mai juna biyu da mai shayarwa da yara masu tasowa wannan tsarin ba nasu ba ne. Mai ciwon ƙoda kuwa yawan nama da kifi na iya ƙara wa ƙodar nauyi. Wanda kuma yake ramewa ba tare da ya nemi hakan ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsari, awon jini yake bukata, ba tsarin abinci ba.

Kasuwar rage ƙiba ta kuma haifi 'yan damfara. Shayin rage teɓa da garin narkar da kitse da ake talla a waya, da yawansu maganin gudawa ne irin filasko ko mai sa fitsari, ruwa suke zubarwa, su bar kitsen inda yake. An sha kama irin waɗannan kaya a ƙasashe da dama da sibutramine a ɓoye a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. A Najeriya a duba lambar NAFDAC, amma a sani lambar ba alkawarin ramewa ba ce.

Game da awo, igiyar tela ta fi sikeli faɗar gaskiya. A zagaya ta a ciki daidai saitin cibiya, da safe kafin a ci komai, sau ɗaya a mako. Abin da ake so shi ne kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum: mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85. Ba kuma sai an koma kamar lokacin samartaka ba. Mai kilo 100 da ya sauke 5 zuwa 10 ya riƙe hakan, yawanci zai ga canji a awon sukarinsa da na jininsa. A haɗa da tafiyar ƙafa ta rabin awa aƙalla kwana biyar a mako, bayan asuba ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi. In wata uku suka wuce igiyar ba ta motsa ba, a zauna a rubuta duk abin da ke shiga baki na kwana uku, har da lomar ɗanɗanon girki da gyaɗar majalisa, a kai wa likita ko jami'in abinci na asibiti ya duba.