Ƙwayoyin cuta masu kama da sanda: mi ke riƙe da su?

Akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Likitoci na ce musu bakteri. Suna cikin ƙasa, da ruwa, da hanjin mutum. Wasu na da amfani, wasu na kawo cuta. In an duba su da madubin likita, wasu kamar ƙwayar gero suke, wasu kamar guntun sanda. Masu kawo ciwon saifa ga shanu masu kama da sanda ne. Irin na cikin hanji, sai an jera wajen 500 kafin su kai milimeta 1.

Bangon ƙwaya

Kusan kowace ƙwaya tana da bango saƙaƙƙe kamar raga. Ruwan da ke cikinta yana tura bangon, kamar salka in ta cika. Bangon ne ke hana ta fashewa.

Mai ɗaurin rumbu yana zagaye shi da tanka don kada ya buɗe. Haka ƙwaya ke yi. A shekara ta 2001 masana na Oxford, a Ingila, suka ga wani sinadari mai suna MreB jere a ƙarƙashin bangon. A 2011 aka gane yana zagaya jikin ƙwayar. Inda ya bi, nan ake saƙa sabon zare tsakanin tsofaffin. Shi ya sa ƙwaya ke ƙara tsawo, ba ta ƙara kauri. In MreB ya daina aiki, sai ta kumbura ta zama dunƙule.

In tsawonta ya ninka, sai ta ɗaure tsakiyarta, ta gina sabon bango, ta rabu biyu. In abinci ya wadata, irin na hanji na yin haka cikin minti 20.

Inda magani ke kamawa

A 1928 Alexander Fleming ya gano penisilin a Landan. Penisilin da danginsa, kamar amoksisilin, suna hana ɗinkin zaren bangon. Ƙwaya na girma, bango ya yi rauni, ta fashe. Jikin mutum ba ya da irin wannan bango. Ƙwayar mura ma ba ta da shi, don haka maganin ba ya warkar da mura.

Shan shi barkatai na sa ƙwayoyin da suka tsira su yaɗu, har magani ya daina cin su. Saboda haka kada a saye shi wurin ƴan talla. A je gidan likita, a sha yadda aka ce. Dabba kuwa, a kira malamin dabbobi.